Murfin Rijiyoyin Farin Dutse

Shekarar da ɗiyar yayata ta faɗa rijiya a Farin Dutse, duk garin muka ce ƙaddara ce, muka ci gaba da jan ruwa. Wanda bai yi shiru ba wani saurayi ne Kirista, mai walda a Birnin Kudu, da yake zuwa gyaran garma duk ranar kasuwa. Ya auna bakin rijiyar da igiyar guga, ya dawo da murfin da ya yanka daga tsohuwar ganga, har da sakata can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Kafin damina ya rufe rijiyoyin unguwarmu kaf.

Zazzaɓi ya kashe shi, ko aure bai yi ba. Da labari ya iso, dattawa suka zauna gindin darbejiya suna gardama ko ya halatta a je wa uwarsa gaisuwa. Har aka binne shi ba su gama ba. Ba wanda ya je, har da ni.

Yau maƙeran Gwaram irin murfinsa suke ƙerawa, kuma tun daga lokacin ban sake jin yaro ya faɗa rijiya a garinmu ba. Amma murfin arne ake ce masa, iyayen da 'ya'yansu suka tsira ma haka suke faɗa, ko kunya babu.

Rannan na ji jikana ya ce murfin arne, na daka masa tsawa. Ya ce, "To Baba, ya sunansa?"

Ban taɓa tambayar saurayin sunansa ba.