Baba Mai Hatimi, Wanda Ya Nemo wa 'Yata Shaidu

Na Allah ne mu, gare Shi kuma makomarmu take. Ranar Talata, tara ga watan Rajab, bayan sallar azahar, labari ya iske mu cewa Baba Mai Hatimi ya rasu. Shi ne dattijon da ke rajistar haihuwa da mutuwa a ofishin jakadancinmu, a nan ƙasar da muke zaman baƙunta.

Baba, taga ɗaya gare ka, ta nan masu murna da masu kuka duk suke bi. Shi ya sa ba ka karɓar takarda sai ka dubi fuskar mutum ka tambaya a hankali, "Barka zan yi ko gaisuwa?" Jariri kuwa sai ka leƙo ta saman tabarau ka ce, "Ranka ya daɗe, sabon ɗan ƙasa, ka zo ka same mu."

Ranar da na zo maka, ina goye da jaririya, mahaifinta kuma ya rasu tun tana ciki. Da ka yi tambayarka na ce, "Duka biyu, Baba." Ka ajiye alƙalami, ka zagayo da kanka ka kawo mini kujera.

Ashe marigayi mijina bai taɓa kai aurenmu ofishin ba, kullum sai ya ce gobe. In babu shaidar aure, yarinya ba za ta samu takardar haihuwa da sunan ubanta ba, balle fasfo. Ga kakarta can gida, tsufa ya kama ta, ba abin da take roƙo sai ta ga jinin ɗanta. Na roƙe ka ka rubuta kawai. Ka ce, "'Yata, ba na sa hatimi a kan abin da ban tabbatar ba. Amma wa ya halarci ɗaurin auren?"

Ranar hutunka ka shiga motar haya har gidan burodin da mijina ya yi aiki. Ka dawo da mutum biyu, garin fulawa bai ma bar rigunansu ba, suka rantse a gabanka. Ɗayansu ya ce har yau bai manta ba, a ɗaurin auren ne aka tafi masa da takalmi. Ranar na fara dariya tun bayan rasuwar.

Kafin shekara ta zagayo na kai yarinyar gida. Tsohuwa ta ɗora ta a cinya, tana shafa kunnuwanta tana cewa na ubanta ne sak. Sai da ta ga yarinyar ta fara tafiya kafin ta cika.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya mai ɗakinka, da 'ya'ya da jikoki, da abokan aikinka. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya albarkaci bayansa. Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya yalwata kabarinka, Ya ba ka littafinka a hannun dama. Ni da marainiyata muna cikin masu yi maka shaidar alheri. Amin.