Sakatar Malam Tsaya-Tukuna

Na dawo gida daga karatu da wani zato a kaina: in makaranta za ta rage ma'aikata, takardun mutum ake dubawa, da daɗewarsa a aiki, da ƙwazonsa. Har yau ban ce zaton ƙarya ne ba, amma tun da na zauna da maƙwabcinmu, wanda kowa ke kira Malam Tsaya-Tukuna, na daina rantsuwa a kansa.

Haɗa wutar lantarki yake koyarwa a wata kwalejin kuɗi. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, don ba wanda ya taɓa miƙa hannu ga waya a ajinsa bai ji an daka masa "tsaya tukuna!" ba. Sai ka kashe layi, ka sa testa, ka sake sawa, sannan ka taɓa. Mai gaggawa kuwa, a make masa bayan hannu.

Tun farkon zuwansa, shi da bakinsa ya roƙa a ba shi ɗakin can baya, kusa da janareto, inda ba mai wucewa. Yana shiga aji sai ya danna sakata. A cewarsa, mai riƙe da filaya ba ya amsa sallama. To, kwalejin tana da wata ɗabi'a: duk farkon zango akan gayyaci iyaye da 'ya'yansu, Darakta ya zagaya da su, ya nuna musu ɗakin kwamfuta mai gilashi da laburare mai fanka. Shekara da shekaru zagayen nan bai taɓa kaiwa ƙofar Malam ba, shi kuma haka yake so.

Da ɗalibai suka fara raguwa, sai raɗe-raɗin sallama ya cika makarantar. Wata rana Rajistara, wanda suka kama aiki tare, ya ja shi gefe.

"Malam, in gaya maka yadda ake yi a sama? Ba a buɗe takardar kowa. Darakta ne ke kiran mutum ya ce, 'In wannan bai zo gobe ba, cikin masu biya wa zai tambaya?' Da aka zo kanka sai ya ce, 'Wai har yanzu muna da ajin wayarin?'"

"Ikon Allah! To wa yake zaton ke gyara masa fanka?"

"Ya ɗauka daga waje kake zuwa."

Malam ya koma gida. Matarsa tana ninke wanki ya kwashe labarin ya gaya mata. Ba ta ko ɗago ba.

"Malam, ai kai ka ɓoye kanka. Ranar zagaye ka buɗe ƙofar nan, ka sa rigar kirki, ka yi wa mutane murmushi."

"Ni malami ne ko mai talla?"

"Kai mai iyali ne. Kuma haƙora ba sa zubewa don an nuna su."

Ya ji maganarta. Ranar zagaye ya yi sammako, ya share ɗakin, ya jera sukundireba daga babba zuwa ƙarami, ya zare sakata ya tokare ƙofa da bulo. Sannan ya fito har tsakar makaranta, cikin riga mai guga, ya tare Darakta.

"Ranka ya daɗe, a biyo ta wajenmu mana."

Darakta bai so ba, amma a gaban baƙi ba halin ƙi. Aka shiga. Malam ya yi ta bayani yana murmushi har kumatunsa suka gaji. Abin ya fara kyau, iyaye suna ta gyaɗa kai. Sai wani babban mutum mai agogon zinariya, wanda ya zo da 'ya'yansa tagwaye, ya matsa gaban allon gwaji, ya miƙa yatsa ga wata jar waya da aka fere bakinta.

"Tsaya tukuna!"

Tas! Ƙarar ta cika ɗakin. Mutumin ya riƙe bayan hannunsa, ya dubi Malam, ya dubi Darakta.

"Ni aka mara?"

"Ranka ya daɗe, ba a taɓawa sai an sa testa," in ji Malam, murmushin nan yana nan maƙale a fuskarsa don ya manta ya sauke shi.

Mutumin ya tasa tagwayensa gaba ya fita. Kafin ƙarshen mako aka kira Malam sama. Darakta bai ɗaga murya ba, har kujera ya ba shi.

"Malam, da ba wanda ya san ka. Yanzu kam kowa ya san ka."

Haka aikin ya tafi. Ya sha zaman gida na wani lokaci, yana gyara soket ɗin da ba abin da ya same su, har matar ta ce in ya sake kwance mata dutsen guga za ta kai ƙararsa wajen yayansa. Daga baya wani tsohon ɗalibinsa mai shagon kayan wuta a bakin titi ya kafa masa rumfa a gaban shagon. A nan yake koyarwa yanzu, safe da yamma, ga mai son koyo. Rumfar ba ta da bango, balle ƙofa. Masu wucewa kan tsaya kallo, shi kuma ya koyi amsa sallama da ka. Matar ta ce Allah ne ya yi mata maganinsa, tunda babu inda zai sa sakata.

Rannan muna zaune a rumfar yana fere waya, fuskarsa a sake, na ce, "Baba, amma ai ran mutumin ka ceta. Me ya hana ka gaya wa Darakta haka?"

Ya yi dariya har ya ajiye filaya.

"Wane rai, ɗana? Ai babu wuta a wayar. Ni da kaina na kashe layin tun da safe. Ni na sani, hannuna ne bai sani ba."