Takai Bayan Yaya Tanko

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da Allah Ya karɓi ran yayana Tanko, wanda ya daɗe yana riƙe da sarautar takai a ƙauyenmu na ƙasar Tsanyawa. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Takai rawa ce ta maza bayan an kai amfanin gona gida. Akan yi da'ira, kowa da sandarsa. Ana buga ganga, ka haɗa sanda da na gabanka, ka juya ka haɗa da na bayanka. Wanda ya makara da ƙiftawar ido, goshinsa ne zai tare. Ranka a hannun maƙwabcinka yake.

Saboda haka marigayi ba ya bari a taɓa ganga sai ya zaga da'irar yana duban fuskoki. Ya san wanda akuyarsa ta ci waken wani. Masu jiƙaƙƙa nesa da juna yake ajiye su. Ni kaina ya taɓa janye ni daga kusa da mijin ƙanwarmu, ya ce, "Idonka ya yi ja, ƙanena. Matsa can, kada ka sa yarinyar nan takaba." Aka yi dariya, na matsa ina huci.

Yau samarinmu sun farfaɗo da takai, na kuwa yaba musu. Sai dai kiɗan daga sifika yake fitowa da gudu, babu makaɗin da zai ga ƙafa ta harɗe ya sassauta. Sanda kuma ta zama bututun ƙarfe, wai ya fi amo a waya. Da marigayi zai leƙo, ina jin zai yaba ƙarfinsu, sannan ya tambayi wanda ya jera su.

Shekaranjiya na je kallon gwajinsu. Ɗana Auwalu ne tsaye dab da Habu, ɗan Malam Idi, wanda nake jayayya da mahaifin nasa tun shuka a kan taku uku na iyakar gona. Samarin biyu sun daina gaisawa. Na yi wa shugabansu magana, ya rusuna ya ce, "Baba Alhaji, ai tsayinsu ɗaya, sun fi kyau a hoto." Na nemi Auwalu ya janye, ya ce idan ya janye garin nan zai kira shi matsoraci. Ranar Juma'a za su yi rawar a gaban jama'a.

An ce rigakafi ya fi magani. Yaya Tanko bai bar gona mai faɗi ba, sarautarsa ma babu wanda ya gada. Abin da ya bar mini shi ne tsoron ƙarfe a hannun mai fushi, fushin nan kuwa ni na haifar da shi. Tunda nake ban taɓa fara zuwa ƙofar wani neman sulhu ba. Gobe da hantsi zan yi sallama da Malam Idi, in bar masa taku ukun nan. Ko zuciyar ɗansa za ta huce kafin Juma'a, Allah ne masani.