Ranar da Kwandastan Samaru Ya Tona Mini Asiri

A unguwar Chikaji aka haife ni, kuma tun ina firamare abu ɗaya aka san ni da shi: baki. Ban iya sana'ar komai ba, amma in na fara zuba sai ka rantse kanti uku gare ni. Ku masu waya a hannu, da ku nake.

Da katin waya abin ya faro. Wata mai sayar da man shafawa ta ce in riƙa shiga hirar da ake yi kai tsaye a soshiyal midiya, laif ɗin nan, ina yabon manta kamar na saya. Ko shinshina shi ban taɓa yi ba. Ana musun ƙwallo ko tsadar shinkafa, sai in nemi a ɗora ni, in ba mutane dariya, in rufe da sunan manta. Mabiyanta suka yi ta ƙaruwa. Sai na ce, kai, ni zan tara wa wata jama'a?

A bayan kasuwar Sabon Gari akwai wani dattijo mai ɗinkin takalma, Baba Ishaya. Na je kamar mai saye, na ɗauke hotunan aikinsa, na buɗe shafina. Na ce ɗan Legas ne ni, kayan daga Italiya suke. Fuska ba na nunawa, sai murya. Ka turo kuɗi, in toshe ka.

Da rana tsaka asirina ya tonu, a shagon cajin waya da ke bakin tasha. Ina cikin laif ina cewa, "Yanzu haka ina bakin teku, kwantena ta iso," sai kwandasta ya ƙwala a bayana: "Samaru! Samaru! Saura mutum ɗaya!"

Wata ɗaliba, Rukayya, wadda na cinye wa kuɗin takalmin babanta, ta rubuta: "Yaushe aka kai Samaru bakin teku?" A tashar take hawa mota kullum. Bayan kwana biyu 'yan sanda suka ɗauke ni a kan bencin shagon cajin.

Shekara biyu na yi a gidan yari. Ba gabzar da ake ba mu mu ci ce ta fi cin raina ba, labarin da mahaifiyata ta kawo mini ne. Waɗanda na damfara sun ga takalman a shagon Baba Ishaya, sun ɗauka bakinmu ɗaya, ciniki ya mutu masa. Na ji kunya ƙwarai. Da aka ce kowa ya zaɓi sana'a, na zaɓi takalmi.

Da na fito, wurinsa na nufa. Na durƙusa na ce, "Baba, ni ne."

"Na sani," ya ce. "Tashi ka yanka mini fatar nan in gani."

Ya duba yankan, ya nuna mini kujera. Amma wuni guda ba mai leƙo mu, har ya fara maganar rufe shagon. Na ce masa hanya ɗaya na sani ta kiran jama'a. Ya ce, "To. Amma fuskarka a fili, hannunka a kan aiki, kuma ka faɗi inda kake."

Na shiga wata hira kan sana'ar hannu, aka ɗora ni. Ban yi minti biyu ba Rukayya ta rubuta: "Jama'a, muryar ɗan Legas ce wannan!" Zagi ya fara sauka. Yatsana har ya kai wurin kashewa, amma na san in na gudu, shagon Baba ya rufu ke nan.

Na ce, "Ni ne, Malama Rukayya. Na cuce ki, na yi zaman gidan yari a kai. Dattijon nan ba ruwansa, hotunansa na sata. Lamba nawa babanki yake sawa?"

Can sai ga amsarta: "Arba'in da uku."

Kwana uku ina ɗinka takalmin a laif, mutane na kallo, wasu na zagi, wasu na tambayar farashi. Ta zo da kanta, ta jujjuya shi, ta ja ɗinkin da ƙarfi, ta ce, "Ba laifi." Wallahi ba a taɓa yi mini yabon da ya kai wannan daɗi ba.

Yau shagon a buɗe yake, daga Hanwa har Samaru ana aiko mana, kuma bakin nan nawa ne ya jawo su. Ina alfahari da haka, ba na ɓoyewa. Na tuba, ina kuma roƙon duk wanda na cuta ya yafe mini.

Ƙannena, ku shiga laif, ku yi musu, ku tallata kayanku. Amma kada ka yabi abin da ba ka taɓa ba, ko don katin waya. Kada ki tura wa murya kuɗi. Ni yanzu a ƙofar shago nake zama in zan hau laif, in mota ta wuce kwandasta na ihun Samaru, sai in ɗaga wayar sama kowa ya ji da kyau.