Rabon Ƙanena

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma a gidanmu na garin Sara wannan ba wani gata ba ne. Dangin Inna Fulani ne da suka daina yawo suka zauna noma. Fulatancin ya tafi, amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Inna ba ta kiran sunana, ba ta ɗora ni a cinya. Idan za ta aike ni sai ta ce wa wani, "Ku ce wa waccan ta ɗebo ruwa," alhali ina tsaye a gabanta. Na ɗauka na saba, sai da ƙanena ya kamu da tamowa na san ban saba ba.

Bayan yaye ne, cikin damina, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba. Yaro ya koma fata da ƙashi, gashinsa ya yi ja, kukan ma ba ya fita sosai. Ranar awo na raka Inna ƙaramin asibitin garinmu. Malamar asibiti ta zagaya masa wani tef mai launi uku a damtse, ya tsaya a kan ja. Ta ba Inna wasu ledoji masu ɗauke da abu kamar tunkuza, ta ce, "Wannan magani ne, nasa ne shi kaɗai. Idan kika bari aka raba da wasu, za ki iya rasa shi."

Na ji da kunnena. Shekarata tara, ba zan ce ban gane ba.

Kullum da safe Inna takan wanke hannu, ta zaunar da shi a cinyarta, ta yage bakin leda. Sai lallashi, sai waƙa, sai kiran sunansa, sau goma saboda loma ɗaya. Shi kuma gogan ya kau da kai, ya tofar. Ni ina gefe da tsintsiya, na cika na batse. Wallahi na tsani yaron nan a kwanakin. Har na taɓa zagayawa bayan ɗaki na auna damtsena da yatsu, na ji haushin ƙibar da damtsen nawa ya yi.

Da aikin gona ya yi zafi, Inna ta fara kai wa su Baba abinci da rana, aka bar mini ledar azahar in ba shi. Ranar farko lasa kawai na yi. Gyaɗa ce da madara da sukari, ban taɓa sa abu mai daɗinsa a bakina ba. Washegari na ba shi yatsa ɗaya, na sha uku. Daga nan sai na riƙa shanyewa tas, in shafa masa ɗan kaɗan a leɓe. Yana kallona da manyan idanun nan nasa, ba bakin faɗa. Inna ta dawo ta ga leda fayau, ta ɗaga shi sama tana murna, ta ce, "Yau ka kyauta mini." Ko a nan ma shi aka yaba, na ƙara jin haushi.

A awo na uku nauyinsa bai ƙaru ba, ƙafafunsa sun kumbura. Malamar ta danna da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ta juya kan Inna a gaban mata cike da rumfa.

"Baiwar Allah, gaya mini gaskiya. Sayarwa kike yi?"

Inna ta ce, "Yana shanyewa, Malama. Har ta rana ma..."

Sai Inna ta juyo ta dube ni ido cikin ido, ta daɗe tana kallona. Na jira ta nuna ni. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ki yi haƙuri, laifina ne."

A ranar aka tura su babban asibiti a Birnin Kudu. Sati biyu suka yi, ana ba shi madara ta robar hanci. Kaka ta kai ni dubiya sau ɗaya, na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya tashi. Yanzu magidanci ne, gajere, mai yawan dariya, bai san komai ba.

Maganar kuwa ta riga su dawowa gida. Baba ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwar Inna. Mata suka riƙa nuna ta a wajen biki da suna, wai ga wadda ta sayar da maganin ɗanta. Ba ta taɓa kare kanta ba, ba ta taɓa tambayata ba. Ko kunyar ambatona a gaban mutane ce ta hana ta, ko rufa mini asiri ta yi, ban sani ba. Na yi ta cewa zan faɗa idan na girma. Na girma, na yi aure, na haihu. Bara Inna ta rasu, kuma a zaman makoki na ji wata tsohuwa a bayana tana raɗa wa ta kusa da ita labarin ledojin. Ina jinta, ban juya ba.