Ranar da Aka Tsaya a Bakin Zaurena

A shekarar da soja suka fara karɓar mulki, ina layin sayar da auduga a Funtua labarin ya same ni. Azumi ne, salla ta kusa. Wani direba ya ɗora rediyonsa a kan buhu, mutane suka kewaye shi, ni kuwa ban bar layi ba saboda jakina ba ya tsayawa wuri ɗaya. Daga inda nake na ji ana cewa an kashe manya a Kaduna da Ikko. Ba a jima ba kuma aka ce an jingine tsarin mulki.

Na san maganar tsarin mulki, domin a ajin yaƙi da jahilci da muke yi bayan la'asar malaminmu ya taɓa yi mana bayaninsa, lokacin da ƙasa ta fita daga hannun Sarauniya. Ya ce littafi ne da ya fi kowace doka, kuma ba a taɓa layi ɗaya a cikinsa sai biyu cikin kowane uku na wakilai sun yarda, wasu wuraren ma sai majalisun jihohi sun sa hannu. Abin ya kwantar mini da hankali. Ni mutum ne mai son abin da ba ya motsi da sauri.

A bayan gidana akwai wani mutumin kudu mai injin niƙa. Ni na ara masa filin da ya kafa rumfarsa da ɗakunansa, shi ya sa yake kirana Maigida, ni kuma ina kiransa Mai inji kamar kowa. 'Ya'yansa uku a nan aka haife su, Hausar manyan biyun ba ta da bambanci da ta nawa. Matarsa tana shiga wurin matata ko da yaushe, amma shi bai taɓa wuce zaurena ba, haka ma kowane namiji baligi da ba na gidan ba. Tun da mahaifina ya gina gidan babu ƙyaure a ƙofar ciki, asabari ne kawai a rataye. Ba wanda ya rubuta cewa ba a shiga gidan matan aure, ba kuma wanda ya taɓa buƙatar a gaya masa.

Da ruwan shuka ya sauka, rediyo ya ce an soke jihohi, ƙasa ta koma dunƙule ɗaya. Ran nan a aji wani mahauci, sa'ana, wanda muke zama a tabarma ɗaya, ya ɗaga hannu.

"Malam, an samu biyu cikin ukun nan?"

Malam ya naɗe jaridar da ke hannunsa. "Wannan ba a ƙirga ba."

"To wa ya sa hannu?"

"Ku buɗe inda muka tsaya jiya," in ji Malam. Amma bai koyar da komai ba, ya sallame mu tun rana tana sama.

Daga nan maganganu suka yi yawa a gari. Ana cewa mutanen kudu za su karɓe ofisoshi, za su karɓe ma'aunin auduga, har alƙalai za a kawo daga can. Ban san wanda ya fara faɗa ba. Na dai lura mata sun rage kai niƙa, Mai inji kuma ya daina zama a bakin rumfarsa.

Ranar da abin ya iso mu, na dawo daga shukar dawa bayan azahar, ina wanke ƙafa a tsakar gida, sai na ji ana ɓalla dangar baya. Mai inji ne ya kutso, matarsa na biye da goyo, manyan yaran biyu suna riƙe da zaninta. Matata ta ja mayafi ta shige ɗaki.

"Maigida, ka yi haƙuri na shigo," in ji shi. "Sun ƙone shagon ƙanena a bakin tasha. Suna tahowa nan."

Na jingina tsani a rumbu na ɗaga murfin. Dawar da ta rage kaɗan ce a ƙasa, wurin ya ishi mutum ya tsuguna. Ya hau ya sauka ciki, na mayar da murfin, na kai tsanin bayan ɗaki. Matata ta leƙo ta ja matar da yaran ciki. Ni kuma na fita zaure na zauna a kan buzu, na jawo fartanya ina yi kamar ina gyara ƙotarta.

Hayaniyarsu ta riga su zuwa. Na ji suna dukan kwanon rumfar inji, sannan ƙaurin hayaƙi da man inji ya shigo zaure. Bayan haka suka zagayo gaba. Ba su kai yawan da na zata ba. Wasu ban san su ba, 'yan tasha ne. Wasu kuma na sha cin tuwon gayya da su. Mahaucin nan yana ciki, sanda ce a hannunsa, ba wuƙa ba, na kuwa lura da hakan.

Ya yi sallama. Na amsa.

"Ɗan ajinmu, kana nan kana karatun fartanya?"

"Ina nan."

"Mutanenka fa?"

"Kun ga gidansu."

Wani dogon saurayi mai jan ƙyalle a ka ya ture shi ya shigo zauren. "Baba, an ga dangarka a ɓalle. Ka rantse da Alƙur'ani babu kowa a ciki, mu wuce."

Da na rantse da sun tafi, na san haka. Amma ban iya ba.

"Ba zan rantse ba," na ce. "Iyalina suna ciki. Ba a shiga."

"Ka ji ko," in ji saurayin, ya juya wajen sauran. "Yana ciki."

Ya nufi asabarin. Taku kaɗan ne tsakaninsa da shi. Ban tashi ba. Wani dattijo mai ɗinkin hula da ke bayansu ne ya yi magana.

"Kai yaro, gidan aure ne."

"Wane gidan aure, Baba? In ƙato yana ciki ai shi mai gidan ya fara karya ta."

"Shi gidansa ne. Kai ɗan uban wa ne a ciki?"

Wasu suka yi dariya, irin dariyar da ba ta kai ciki ba. Saurayin ya fusata.

"Soja sun yar da babban littafin gaba ɗaya, ba su tambayi kowa ba. Ku kuna nan kuna tsoron tabarmar ƙofa."

"Soja ba su da mata a unguwar nan," in ji mahaucin. "Ni ina da biyu."

Suka shiga gardama a kaina kamar ba na wurin. Wani ya ce a aika mace ta duba, aka rasa macen da za a aika. Wani ya ce a cinna wa dangar wuta su fito da kansu, mai ɗinkin hula ya ce dangarsa tana haɗe da tawa. Duk wannan lokaci kunnena yana ciki. Jaririn yana da tari a kwanakin, ina ta jiran in ji shi. Ƙurar dawa kuma tana sa mutum atishawa, na san wannan tun ina yaro. Abin da nake ji kawai matata ce tana daka, tana buga taɓarya da ƙarfi a turmin da na san babu komai a ciki.

Saurayin ya kama gefen asabarin ya ɗan ɗaga. Ya dubi bayansa ya ga ba wanda ya matso. Ya tsaya haka, hannunsa a sama, sannan ya saki ya tofa yawu kusa da buzuna.

"Za mu dawo, Baba."

Mahaucin ne ya fita a ƙarshe. Bai dube ni ba.

Ba su dawo ba. Da safe motar 'yan doka ta shigo unguwa tana kwashe mutanen kudu zuwa tashar jirgi. Na sa tsani na ɗaga murfi. Mai inji ya fito fari fat da ƙura, ƙafafunsa sun sage, sai da na riƙe shi. Ya tambaye ni ko na ji labarin ƙanensa, na ce ban ji ba. Matarsa ta fita da zanin matata a jikinta. Ban bi su tasha ba, tsoro bai bar ni ba.

Daga baya muka ji cewa a unguwar da ke bayan kasuwa an shiga gidaje har cikin ɗakunan mata, ba wanda ya tsaya gardama. Ba a yi shela ba, ba a tara kowa ba, amma kafin kaka kafintan unguwarmu ya kasa cika aikin ƙyaure. Ni ma na sa nawa, da sakata.

An rasa injin da rumfarsa da ɗakuna biyu. An rasa awakin Mai inji uku da keken da yake zuwa Malumfashi da shi. Ƙanensa ba a gan shi ba, ba a kuma ga gawarsa ba. Ajinmu bai sake zama ba a wannan damina, da aka koma kuma mutum shida ba su dawo ba. Mutum biyar suka fita daga gidana da rai, ban sake jin labarin ko ɗayansu ba.