Ranar da Aka Zo Duba Gidan Gwaggo

Shekara ashirin da bakwai Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta yi tana sharar ƙaramin asibitin ƙauyenmu, kuma a nan ta koyi abin da ya cuce ta. Duk lokacin da aka ce masu duba aiki za su zo daga birni, ita ake fara kira. Ta san karyayyen gadon da za a tura bayan sito, ta san inda za a kafa kalanda a rufe tsagar bango, ta san zannuwan da ba a shimfiɗawa sai ranar. Baƙi su zo su yaba su tafi, a naɗe zannuwa a mayar akwati. A wurinta ma'anar dubawa ke nan: a zo a same ka fes.

Gidanta kuwa ɗaki biyu ne, kwanon rufin duk tsatsa ta cinye shi. Da damina bokiti biyar take jerawa. Bangon ɗakin baya ya yi tsagar da hannuna ke shiga. A nan mijinta, Baba Mai Keke, yake kwana tun da ciwon ƙirji ya raba shi da gyaran kekuna, yana tari a kan katifar da ba ta bushewa sai rani.

Da gwamnati ta fito da rancen gyaran gida na mutanen karkara, ni na cike mata fom, wai ni ne mai karatun gidan. Ana son mai ƙaramin albashi, mai takardar fili da sunansa, wanda bai yi ritaya ba. Duk ta cika. Sharaɗi na ƙarshe yana can ƙasan shafi na huɗu: sai gidan ya kasance bai dace da zaman mutum ba, kuma jami'i zai zo ya gani da idonsa. Na karanta, ban tsaya na yi mata bayani ba. Na ce mata za a zo duba gida ranar Laraba, na hau mota na koma wurin aikina. Wannan laifina ne, kuma har yau yana ci mini rai.

Matar da ko zazzaɓi bai hana ta zuwa aiki ba ta ɗauki hutun kwana uku. Ta cushe tsagar da laka, ta shafe gidan da farar ƙasa ciki da waje. Ta hau tebur ta manna fararen kwalaye a ƙarƙashin ramukan kwano. Bokitai ta kai su maƙwabta, ta aro kujeru da labule. Baba Mai Keke ma bai tsira ba: aka saka masa riga mai guga, aka zaunar da shi a inuwa, aka gargaɗe shi ya riƙe tarinsa har baƙo ya tafi.

Jami'in ya zo a kan babur, a tsakiyar rani, wai duba yoyo. Bai ɗaga kai ya kalli rufi ba, bai ƙwanƙwasa bango ba, bai tambayi wanda ke kwana a ɗakin baya ba. Ya ɗauki hoto, ya yaba tsabta, ya kama gabansa. Gwaggo ta kira ni tana murna, ta ce an rufa asiri.

Da aka liƙa sunayen waɗanda suka samu rancen babu nata. Akwai na mai kantin bakin tasha, wanda kowa ya ga yadda ya cire kwano biyu daga rufinsa ana gobe za a zo.

Na zo muka tafi ofishin masu ba da rancen. Bayan zaman awa uku a kan benci, wani mutum ya buɗe fayil ya tura mana hoton. Na gaya masa farar ƙasa ce kawai, na roƙe shi ya aiko wani a sake gani. Ya ce an rufe, sai zagaye na gaba bayan shekara uku. Na ce baɗi za ta yi ritaya, daga nan ba ta cancanta ba. Ya ɗaga kafaɗa.

"Mama, da kin bar shi yadda yake ai," in ji shi.

"Ɗana, mutum zai zo gidana daga gwamnati, in bar shi ya tsallake bokiti?"

Ni na yi masifa har mai gadi ya leƙo. Na tambaye su wane irin tsari ne wannan da sai ka baje tsiyarka a tsakar gida kafin a yarda kana da buƙata, mai kunya ya rasa, mai wayo ya samu. Gwaggo ko kallona ba ta yi ba, idonta na kan hoton. Can ta tambaya a hankali ko za a iya ba ta, domin ba ta taɓa ganin gidanta haka ba. Wannan kam sun ba ta nan take, har da ambulan.

Ruwan farko ya zubo da kwalayen. Bokitai sun dawo, yanzu bakwai ne, Baba Mai Keke yana nan a kan katifarsa yana tari. Hoton kuwa ta saka shi a leda ta kafa a ɗakin baya, daidai kan tsagar da ta sake buɗewa. Da na je makon jiya, tsagar ta wuce shi sama da ƙasa.